Babba Juji Ne

A Missoula ofishinta yana hawa na biyu,
tagarsa na kallon dutsen da ya ƙone shekara tara baya.
Marlys Hovland ba ta sakin labule.
Ta ce wanda aka damƙa wa daji
kada ya ɓoye wa idonsa tabon da ya bari.

Ni ne mataimakinta.
Ni ke shigar da fayil, ni ke fito da shi da tawada a gindinsa.
Malamin dajin da na sani ina yaro
kaki gare shi da keke,
yana bin sawun masu saran kirya a bayan garinmu.
Wannan kuwa dajinta ya fi ƙarfin keke,
da biro take sintiri, da waya,
da kasafin kuɗin da majalisar jiha ke yi wa aski duk shekara.

Ran Talata masu katako suka zo, huluna a gwiwa.
Injin garinsu ya yi wata huɗu bai yi tari ba,
makaranta ta sallami malamai biyu.
Ran Laraba masu kishin tsuntsaye suka zo
da hoton mujiya a kogon itacen da ake so a sare.
Kowa da gaskiyarsa a aljihu.
Kofi ɗaya ta zuba musu, ɗaci iri ɗaya,
ta saurara har ya huce.

Ran Alhamis ta sa hannu a cinna wa daji wuta,
ƙaramar wuta, mai linzami,
ta cinye busassun rassa kafin babbar ta zo da rani.
Da ƙaya ake cire ƙaya.
Masana iska sun ce za ta kwanta.
Ba ta kwanta ba.
Da la'asar ta juya kamar an kira sunanta,
ta tsallake hanya, ta lashe rumbun ciyawar tsoho Orval Petrie
da shingen da ubansa ya kafa.

Yaran da suka riƙe wutar suna tsaye, fuska duk toka,
ƙaraminsu bai cika ashirin ba, hannunsa na rawa.
Ita ta tuƙa motar da kanta, awa biyu ba magana.
Ta cire hula a gaban tsohon.
Ba ta ce iska ba, ba ta ce yara ba.
Ta ce, sunana ne a takardar.
Ya zage ta har muryarsa ta dishe,
ta tsaya kamar turke.

A hanyar dawowa na faɗa mata abin da ake cewa a gida:
babba juji ne, kowa ya share sai ya kawo.
Ta yi dariya, ta farko a ranar,
ta ce in rubuta mata a takarda.

Akwai guntun kututture a kan teburinta,
an yanka shi faifai, zobe cikin zobe.
Ɗari uku da ɗoriya, ta ƙirga da tsinken ashana.
Ga shekarar fari, siririya. Ga baƙin layin gobara.
Ta ɗora farcenta a bakin ɓawo:
shekaruna goma sha ɗaya a kujerar nan,
duka ba su kai faɗin wannan ba.

Watan jiya ta ajiye aiki.
Ba a yi dogon jawabi ba, an yanka kek, an watse.
Ta bar mini makullai, da kututturen,
da takardata manne a jikin fitila.

Yanzu ni ke kallon dutsen.
A ƙasan baƙaƙen sandunan nan
dashen da ta sa aka yi ya kai min ƙugu.
Ba ita za ta sha inuwarsa ba, ni ma ba ni ba.
Ga fayil a gabana, ga biro.
A waje ganye na motsi,
ina ta kallon inda iskar ta dosa.